Yadda Ake Zaɓar Babbar Manhaja ga Kwamfutar Wasanni da Mutum Ya Haɗa da Kansa

Wanda ya sayi kwamfuta haɗaɗɗiya daga kamfani ba ya shiga wannan shawara, domin an riga an ɗora mata babbar manhaja tun kafin ta bar masana'anta. Amma wanda ya sayi madabod, wato babban allon da ake ɗaure sauran kayan a kai, daban, furosesa daban, katin hoto daban, ya zauna ya ɗaure su da hannunsa, idan ya danna maɓallin kunnawa a karon farko ba zai tarar da komai ba sai allon BIOS, wato 'yar manhajar saituna da ke cikin madabod, ko kuma wani gajeren saƙo da ke shaida masa cewa babu abin da za a tayar da na'urar da shi. Daga nan ya rage gare shi ya zaɓi manhajar da za ta zauna tsakanin kayan da ya saya da wasannin da ya haɗa kwamfutar dominsu, wadda ita ce za ta riƙa raba wa furosesa aiki, ta yi magana da katin hoto, ta kula da ma'ajiya da sauti da intanet.

A aikace zaɓin bai wuce biyu ba, wato Windows ta kamfanin Microsoft da kuma ɗaya daga cikin nau'o'in Linux. Mutane da yawa suna fara wannan shawara da tambayar wacce ta fi kyau, su ɓata kwanaki suna sauraron gardamar magoya bayan kowane ɓangare. A ganina wannan tambaya ba ta da amfani ga wanda ke son ya yi wasa. Abin da ya kamata ya yanke hukunci shi ne wasannin da kake yi da kuma kayan da ka riga ka saya, kuma a kan wannan aka jera matakan da ke tafe.

Mataki na farko: rubuta jerin wasanninka, ka bincika su ɗaya bayan ɗaya

Ka ɗauki takarda ka rubuta wasannin da kake yi a yanzu, da waɗanda ka tabbata za ka saya cikin shekara mai zuwa. A gefen kowanne ka rubuta abu biyu: kasuwar da ka saye shi, ko Steam ce ko Epic ko GOG ko Xbox, da kuma ko kai kaɗai kake yin sa ko kuwa gasa ce da wasu mutane ta intanet. Wannan rabe-rabe na biyu shi ne ya fi kowanne nauyi.

Kusan duk wasan da ake fitarwa domin kwamfuta, an gina shi ne domin Windows, kuma ƙididdigar da Steam ke fitarwa duk wata tana nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu amfani da ita suna kan Windows ne, yayin da Linux ta kai wajen kashi 3 cikin 100 a ƙarshen 2025. Duk da haka wasannin Windows da yawa suna gudana a kan Linux, kuma dalilin haka shi ne wata manhaja mai suna Proton da kamfanin Valve, mai Steam, ya fitar a watan Agustan 2018. An gina Proton ne a kan wani tsohon aiki mai suna Wine, tare da wasu sassa biyu, DXVK da VKD3D-Proton, waɗanda ke karɓar umarnin da wasa ke bayarwa ta hanyar DirectX ta Microsoft su mayar da shi zuwa Vulkan, wanda Linux ke ganewa. Tun da Valve ya fara sayar da na'urar hannu ta Steam Deck a watan Fabrairun 2022, wadda ke aiki da Linux, kamfanin ya zuba ƙarfi sosai a wannan aiki, har ta kai ga wasanni manya irin su Elden Ring da Cyberpunk 2077 da Baldur's Gate 3 ana danna su su buɗe ba tare da wata wahala ba. Wasu kuma, kamar Counter-Strike 2 da Dota 2, suna da nau'insu na Linux tun asali.

Inda matsalar take shi ne manhajojin hana maguɗi. Kamfanonin da ke da wasannin gasa suna sanya wata manhaja da ke sa ido kan kwamfutar ɗan wasa domin kama masu amfani da dabarun cuta, kuma da yawa daga cikinsu suna shiga har cikin zuciyar Windows, wurin da direbobi, wato manhajojin da ke sarrafa kayan na'ura, ke aiki. Proton ba ta iya kwaikwayon wannan wuri, don haka irin waɗannan wasanni ba sa buɗewa a Linux, ko kuma su buɗe su kori ɗan wasan daga fili. Valorant yana cikin wannan rukuni saboda manhajar Vanguard ta kamfanin Riot, kuma League of Legends ya bi sahu a 2024 lokacin da aka sanya masa ita. Haka nan Fortnite da PUBG da Rainbow Six Siege da sababbin wasannin Call of Duty da na ƙwallon ƙafa na EA Sports FC, duk ba sa aiki a Linux. Manhajojin hana maguɗi na Easy Anti-Cheat da BattlEye kuwa suna iya aiki da Proton tun daga 2021, sai dai dole kamfanin da ya yi wasan ya amince ya buɗe wannan ƙofa da kansa, kuma ba kowa ke yarda ba.

Akwai wani abu da ya kamata ka riƙe a zuciya, wato cewa wasan da ke aiki yau yana iya daina aiki gobe. Apex Legends ya daɗe yana gudana a Linux kafin kamfanin EA ya rufe wannan hanya a watan Oktoban 2024, kuma ɓangaren intanet na GTA V ya daina karɓar masu Linux a watan Satumban shekarar, bayan an sanya masa BattlEye. Saboda haka kada ka dogara da abin da wani ya faɗa shekara biyu da suka wuce. Ka shiga shafin ProtonDB, inda masu wasa ke rubuta abin da suka gani da idonsu, ka nemi kowane wasa da ke cikin jerinka, ka duba matsayin da aka ba shi, daga Platinum wanda ke nufin yana aiki ba tare da gyara ba, zuwa Borked wanda ke nufin ba ya aiki sam. Kada ka tsaya a kan matsayin kawai, ka karanta rahotanni na baya-bayan nan, musamman na masu katin hoto irin naka. Ga wasannin gasa kuma akwai shafin Are We Anti-Cheat Yet da aka keɓe domin wannan batu.

Idan ka gama, ka dubi takardarka. Muddin akwai wasa ko da guda ɗaya da ba ya aiki a Linux, kuma shi ne wanda kake yi kullum tare da abokanka, to ka riga ka sami amsa: kana buƙatar Windows, ko ita kaɗai ko tare da Linux a gefe. Haka nan idan kana biyan kuɗin PC Game Pass, tsarin Microsoft na biyan kuɗi duk wata a yi wasanni, domin manhajar Xbox da ake sauke wasanninsa da ita a Windows kaɗai take aiki. Wasannin Epic da GOG ba su da wannan matsala, tun da akwai Heroic Games Launcher da Lutris da ke buɗe su a Linux.

Mataki na biyu: duba kayan da ke cikin akwatin

Katin hoto ne farkon abin dubawa. A Windows babu bambanci, domin Nvidia da AMD da Intel duk suna fitar da direbobinsu da wuri, sau da yawa a ranar da babban wasa ya fito. A Linux kuwa labarin ya rabu biyu. Direban katin AMD yana cikin zuciyar Linux tun asali, sauran aikin kuma wani tarin manhajoji mai suna Mesa ke yin sa, don haka da ka girka Linux katin zai fara aiki ba tare da ka sauke komai ba. Katin Nvidia yana buƙatar direban kamfanin, wanda ake girkawa daban, kuma ko da yake ya inganta ƙwarai a 'yan shekarun nan, masu amfani da shi sun daɗe suna lura cewa wasannin DirectX 12 sukan yi ƙasa da saurin da suke yi a Windows. Idan katinka na Nvidia ne mai tsada, kuma ka saye shi ne domin ka tatsi duk ƙarfinsa, Windows ta fi dacewa da kai. Idan na AMD ne, hanyoyin biyu a buɗe suke.

Mai katin AMD da ke shirin haɗa kwamfutarsa da talabijin yana da wani ƙaramin abin lura. A 2024 ƙungiyar da ke kula da ƙa'idar HDMI ta ƙi amincewa AMD ya sanya HDMI 2.1 cikin direbansa na Linux wanda kowa ke iya ganin rubutunsa, kuma wannan ya shafi masu son hoton 4K mai saurin 120Hz ta wannan waya. Wanda ke da allo mai ramin DisplayPort ba shi da wannan damuwa, ya yi amfani da shi kawai.

Game da furosesa, Windows 11 tana karɓar na Intel daga ƙarni na 8 zuwa sama, da galibin Ryzen na AMD daga jerin 2000 zuwa sama, don haka wanda ya sayi sababbin kaya ba shi da abin tsoro. Wanda ya haɗa kwamfutarsa da tsofaffin kaya na hannu shi ne ya kamata ya duba jerin da Microsoft ya wallafa. Idan furosesarsa ba ta ciki, Linux ce hanya mafi tsafta, domin ba ta da wannan sharaɗi. A ɗaya ɓangaren kuma, idan kayanka sababbi ne fil, waɗanda ba su fi 'yan watanni da fitowa ba, to Linux ɗin da za ka zaɓa sai ta kasance mai sabuwar zuciya da sabuwar Mesa, in ba haka ba katin ba zai yi aiki yadda ya kamata ba.

Kada ka manta da ƙananan kaya. Kibod da linzami da abin sarrafa wasa na Xbox ko PlayStation galibi suna aiki a ko'ina, amma manhajojin da ake saita su da su, irin su Logitech G Hub da Razer Synapse da Corsair iCUE, ba su da nau'in Linux. Akwai madadinsu da masu sa kai suka rubuta, kamar OpenRGB domin fitilu da Piper domin maɓallan linzami, sai dai ba kowace na'ura suka sani ba. Mai sitiyarin wasan tsere ko gilashin VR kuwa ya bincika nasa da suna kafin ya yanke shawara, domin a nan Windows ta yi wa Linux nisa.

Mataki na uku: tuna sauran ayyukan da kwamfutar za ta yi

Da wuya a sami kwamfutar da wasa kaɗai take yi. Idan aikinka ya dogara da manhajojin Adobe ko Microsoft Office na kan kwamfuta, babu su a Linux. Idan kuwa abin da kake buƙata shi ne OBS Studio domin yaɗa wasa kai tsaye, da Discord, da Blender, da burauza, duk suna nan a ɓangarorin biyu.

Ka kuma tambayi kanka gaskiya game da haƙurinka. A Linux, wata rana wasa zai ƙi buɗewa, sai ka canza nau'in Proton ko ka ƙara wani ɗan umarni a wurin tayar da shi. Akwai masu jin daɗin wannan bincike, akwai kuma wanda ba shi da lokaci sai awa ɗaya da dare, kuma ba ya son ya kashe ta yana gyara. Ita ma Windows tana da nata nauyin, na tallace-tallace da tilasta buɗe asusun Microsoft da sabuntawar da ke neman a sake kunna na'ura, kuma waɗannan ne ke korar mutane da yawa zuwa Linux.

Mataki na huɗu: zaɓi nau'in da ya dace

Idan ka tsaya a kan Windows, ka ɗauki Windows 11, wadda ta fito ranar 5 ga Oktoban 2021. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma babu hikima a ɗora wa sabuwar kwamfuta manhajar da kwananta ya ƙare, balle ma idan furosesarka ta Intel ce daga ƙarni na 12 zuwa sama, mai ƙwayoyi iri biyu, masu ƙarfi da masu tsimin wuta, domin Windows 11 ce aka tsara ta san yadda za ta raba aiki a tsakaninsu. Tsakanin Home da Pro kuwa babu bambancin sauri a wasa ko kaɗan. Home tana ɗaukar RAM har gigabait 128, wanda ya fi ƙarfin buƙatar kowane wasa, abin da Pro ta ƙara kuma, irin su Hyper-V da cikakken BitLocker mai kulle ma'ajiya da damar shiga kwamfutar daga nesa, kayan aikin ofis ne. Ga mai wasa Home ta wadatar.

Lasisi iri biyu ne, kuma bambancinsu yana da muhimmanci ga wanda ke haɗa kwamfuta da kansa. Lasisin OEM, wato irin na masu haɗa kwamfuta domin sayarwa, ya fi sauƙin kuɗi amma yana manne da madabod ɗin da aka fara kunna shi a kai, lasisin da ake saya a matsayin na mutum kuwa ana iya ɗauke shi zuwa wata kwamfutar idan an cire shi daga ta farko. Tun da wanda ya haɗa kwamfuta sau ɗaya yakan canza madabod bayan wasu shekaru, na biyun ya fi dacewa da shi. Ina kuma jan kunne da babbar murya game da nau'o'in Windows da wasu ke yankewa su rarraba da sunan sun fi sauƙi da sauri a wasa. Ba ka san abin da aka cire ba, ba ka san abin da aka cusa ba, kuma a kan wannan manhaja za ka rubuta kalmar sirrin asusunka na Steam da lambar katin bankinka. Ka sauke Windows daga shafin Microsoft kawai. Ko ba ka sayi lasisi a ranar ba, za ta girku ta yi aiki, sai dai za ka ga rubutu a kusurwar allo yana tunatar da kai, kuma ba za ka iya canza wasu kayan ado ba.

Idan Linux ka zaɓa, kada yawan nau'o'inta ya ruɗe ka. Bazzite, wadda aka gina a kan wani nau'in Linux mai suna Fedora, tana zuwa da Steam da direbobi a shirye, tana da nau'i na musamman domin katin Nvidia, kuma an kulle ainihin fayilolinta yadda sabon shiga ba zai lalata su da kuskure ba, idan sabuntawa ta kawo matsala kuma ana iya komawa ta baya. Ita nake ba wa wanda wasa ne babban burinsa shawara. Nobara ma daga Fedora take, an kuma gyara ta domin wasa. CachyOS daga wani nau'in mai suna Arch ta fito, tana samun sababbin abubuwa da wuri, amma ta fi dacewa da wanda ba ya tsoron rubuta umarni. Linux Mint da Ubuntu sun fi natsuwa, kuma Ubuntu tana fitar da nau'i mai dogon tallafi duk bayan shekara biyu a watan Afrilu, sai dai wannan natsuwa tana nufin direbobinsu sukan ɗan yi baya, abin da ke cutar da mai sabon katin hoto. SteamOS, wadda ke kan Steam Deck, an tsara ta ne domin na'urorin Valve da wasu 'yan na'urorin hannu, kuma da kayan AMD ta saba, don haka mai neman irin fuskarta a kwamfutar tebur ya fi samun sauƙi da Bazzite.

Maganar macOS gajeriya ce. Lasisinta bai yarda a ɗora ta a kan kayan da ba na Apple ba, kamfanin ya koma furosesar kansa tun 2020, kuma wasannin da ke aiki a kanta kaɗan ne. Ka cire ta daga lissafi.

Mataki na biyar: shirya filasha da BIOS

Kana buƙatar wata kwamfutar mai aiki da filasha mai aƙalla gigabait 8 domin Windows, ko fiye da haka ga wasu nau'o'in Linux irin su Bazzite, wadda babu abin da kake so a cikinta, domin za a goge ta gaba ɗaya. Domin Windows, ka sauke Media Creation Tool daga shafin Microsoft, ita za ta sauko da manhajar ta rubuta ta a filashar. Domin Linux, ka sauke fayil ɗin girkawa, wato ISO, daga shafin nau'in da ka zaɓa, ka rubuta shi da Rufus ko balenaEtcher. Kafin ka tashi daga wannan kwamfutar, ka shiga shafin kamfanin madabod ɗinka ka sauke direban Wi-Fi da na ramin wayar intanet, ka ajiye su a wata filashar. Dalili kuwa shi ne Windows 11 tana neman intanet a tsakiyar girkawa, kuma a kan sababbin madabod sau da yawa ba ta san na'urar sadarwarsu ba, sai ka tarar da kanka a shafin da ke cewa ka haɗa da intanet alhali babu sunan Wi-Fi ko ɗaya a jerin, maɓallin ci gaba kuma ya dushe ba ya dannuwa.

Sai ka kunna sabuwar kwamfutar kana danna Delete ko F2 har BIOS ya buɗe. Idan akwai sabon nau'in BIOS a shafin kamfanin, yanzu ne lokacin sanya shi, kuma kada wuta ta yanke yayin da ake yi. Bayan haka ka tabbatar da waɗannan saituna. Ka kashe CSM, wato tsohuwar hanyar tashi, domin na'urar ta tashi ta sabuwar hanyar UEFI zalla. Ka kunna TPM 2.0, wanda a madabod na AMD ake kira fTPM, a na Intel kuma PTT. Ka kunna Secure Boot. TPM da Secure Boot matakan tsaro ne da ke cikin sharuɗɗan Windows 11, kuma yanzu wasanni ma sun fara neman su, domin Valorant ba ya buɗewa a Windows 11 sai da su, Battlefield 6 da ya fito a Oktoban 2025 shi ma haka. Ka kunna XMP ko EXPO domin RAM ɗinka ya yi gudun da aka rubuta a kwalinsa, ka kuma kunna Resizable BAR, wanda katunan Intel Arc musamman ba sa sakin jiki sai da shi. Ubuntu da Fedora suna tashi da Secure Boot a kunne, Bazzite kuwa za ta nemi ka shigar da mabuɗinta a karon farko, wasu nau'o'in kuma sai an kashe shi ko an yi musu saiti na musamman, don haka ka karanta bayanin wadda ka zaɓa tukuna.

Mataki na shida: girkawa

Idan kana da ma'ajiya fiye da ɗaya a cikin akwatin, ka cire sauran ka bar wadda za ka girka a kai kawai. Windows tana da halin ajiye ɗan ɓangaren da take tashi da shi a kan wata ma'ajiyar daban ba tare da ta sanar da kai ba, sai ranar da ka cire waccan ka ga kwamfutar ta ƙi tashi. Ka sa filashar, ka zaɓe ta a jerin abubuwan tayarwa, wanda maɓallinsa ya danganta da kamfani, galibi F8 ko F11 ko F12. A shafin zaɓar ma'ajiya, ka nuna sararin da ba a raba ba ka bar manhajar ta raba shi da kanta. Idan ma'ajiyar NVMe ba ta bayyana ba a madabod na Intel, galibi saitin VMD ne a BIOS, ka kashe shi ko ka loda direbansa daga filasha.

Yawancin nau'o'in Linux suna ba ka damar gwada su daga filasha kafin ka girka. Ka yi amfani da wannan dama ka ga ko Wi-Fi da sauti da Bluetooth suna aiki, domin abin da bai yi aiki a nan ba da wuya ya gyaru da kansa bayan girkawa.

Da zarar ka shiga, a Windows ka bar sabuntawa ta kammala, sannan ka girka direban madabod daga AMD ko Intel da direban katin hoto daga shafin mai shi. A Linux ka sabunta komai, ka buɗe Steam, wadda tun 2025 take kunna Proton da kanta domin wasannin Windows. A kowanne ka shiga saitin allo ka duba saurinsa, domin mutane da yawa suna sayen allo mai 144Hz su yi watanni yana tsaye a 60Hz ba su sani ba. Ka kuma tabbatar wayar allon tana jikin katin hoto, ba jikin madabod ba. Daga nan ka ɗauko takardar da ka rubuta, ka gwada wasannin ɗaya bayan ɗaya tun kafin ka cika ma'ajiyar da fayilolinka, domin idan za ka canza shawara, yanzu ne canjin ba shi da tsada.

Mataki na bakwai: ga mai son ya riƙe biyun

Wanda ke son Linux amma wasa ɗaya ko biyu sun ɗaure shi da Windows yana iya ɗora su duka, ya zaɓi wadda zai shiga duk lokacin da ya kunna. Hanya mafi aminci ita ce kowacce ta sami ma'ajiyarta daban. Ka fara girka Windows ita kaɗai, sannan ka cire ma'ajiyarta, ka girka Linux a ta biyun, ka mayar da ta farko. Ta haka sabuntawar ɗaya ba za ta taɓa hanyar tashin ɗayar ba, kuma za ka riƙa zaɓa daga jerin tayarwa na madabod.

Akwai gyare-gyare uku da za su raba ka da ciwon kai. Na ɗaya, ka kashe Fast Startup a Windows, domin idan yana kunne ba ta mutuwa gaba ɗaya, takan bar ma'ajiyarta a kulle yadda Linux ba za ta iya rubutu a kai ba. Na biyu, agogo zai riƙa kaucewa duk lokacin da ka sauya, saboda Linux tana ɗaukar agogon madabod a matsayin lokacin duniya na UTC, Windows kuma tana ɗaukar sa a matsayin lokacin ƙasarka, kuma maganin shi ne ka saita ɗaya ta bi tsarin ɗayar. Na uku, sababbin nau'o'in Windows 11, daga 24H2, sukan kulle ma'ajiya da kansu idan ka shiga da asusun Microsoft, don haka ka nemo mabuɗin ceto na BitLocker mai lamba 48 a cikin asusunka ka rubuta shi a takarda, domin canza saitin Secure Boot ko sabunta BIOS yana iya sa ta nemi shi kafin ta buɗe.

Kada ka yi ƙoƙarin haɗa wa manhajojin biyu rumbun wasanni ɗaya a ma'ajiya mai tsarin NTFS na Windows domin tsimin wuri, saboda Proton ba ta jituwa da wannan tsari sosai, kuma yakan jawo wasanni su ƙi buɗewa ko fayiloli su lalace. Wasannin da za ka yi a Linux ka sauke su a ma'ajiyarta mai tsarin ext4 ko Btrfs, waɗanda manhajar hana maguɗi ta tilasta maka kuma ka bar su a ɓangaren Windows.